Wai Tuwo Guba Ne? Martani Ga Samarin "Nama Zalla"

Na daɗe ina son in yi shiru a kan wannan magana, domin waɗanda zan taɓa abokaina ne, tare muka yi sakandare, tare muke zaman majalisa. To amma abin da ya faru da kawuna ranar kasuwa ya sa na ga cewa shirun ya zama laifi.

Ga wanda bai sani ba, akwai wata sabuwar aƙida da ta shigo mana nan Kasuwan Magani ta cikin waya, kuma na ji labarin ta kai har Kaciya da Kafanchan. Wai mutum ya bar tuwo, ya bar shinkafa, doya, fura, kunu, kai har da ganye da 'ya'yan itace, ya koma cin nama da ƙwai da kitse kawai. Wai da ka yi haka sai kasala ta tafi, ɓacin rai ya gushe, ƙwaƙwalwa ta buɗe. Wani ma ya dubi tsabar idona ya ce mini tuwon masara guba ne da ke kashe Bahaushe a hankali. Ni da aka biya mini kuɗin makaranta da ribar buhun masara!

Ba zan ce duk maganarsu ƙarya ba ce, domin na ga abin da idona. Abokina guda ya yi mako uku a kai. Makon farko ya sha wuya: ciwon kai, jiri, bayan gida ya ɗauke, ga saurin fushi kamar wanda aka ci bashinsa. Amma daga baya ya ce jikinsa ya yi sakayau, barcin da ke kama shi bayan azahar ya daina, tumbinsa ya ragu. Ban ƙaryata shi ba. Abin da na tambaye shi kawai shi ne: me kake ci kafin nan? Shayi da siga cokali biyar da burodi da safe, lemon kwalba biyu da rana, taliyar leda wajen mai shayi ƙarfe goma sha ɗaya na dare. To malam, duk wanda ya bar waɗannan ai dole ya ji sauƙi, ko da garau-garau ya koma ci. Siga ka bari ka samu lafiya, amma ka ɗauki yabon ka ba nama, ka ɗauki laifin ka ɗora wa tuwo. Ragowar nauyin makon farko kuwa yawanci ruwa ne, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, idan ya ƙare sai ruwan ya bi fitsari.

Yanzu bari mu duba inda abin ya samo asali, tunda su 'yan uwan namu ba su wuce bidiyon minti ɗaya ba. A shekarar 1928 wani mai yawon bincike da ake kira Vilhjalmur Stefansson, wanda ya zauna da mutanen Inuwit na ƙasar ƙanƙara, shi da abokinsa sun yi shekara guda suna cin nama kawai a ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue da ke Niyok, kuma sun fito lafiya. Wannan ita ce babbar hujjarsu. Amma abin da ba sa faɗa shi ne, da aka ba Stefansson tsoka zalla babu kitse, cikin 'yan kwanaki gudawa da kasala suka kama shi, sai da aka dawo masa da kitse ya warware. Mafi yawan ƙarfin abincin nasu daga kitse yake, kuma suna haɗawa da hanta da ƙwaƙwalwa da ɓargo. Mutum biyu ke nan, da likitoci a kansu. Kai kuma tsire uku ka saya a bakin titi.

A zamaninmu kuwa, wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Shawn Baker, shi ya fitar da littafi a kan abin a 2019, sannan Jordan Peterson na Kanada da 'yarsa suka yi ta faɗa wa duniya cewa nama ya raba su da ciwon damuwa. A 2021 wasu masana a Boston sun tambayi mutum 2,029 masu wannan cimar, kuma yawancinsu sun ce suna jin daɗi. To amma a shafukan sada zumunta aka samo su, daga cikin waɗanda suka riga suka yi aƙalla wata shida a kai, kuma bakinsu kawai aka ji. Wanda abin ya kayar a mako na biyu ba a ji ta bakinsa ba. Kamar ka shiga tashar mota ne ka tambayi direbobi ko tuƙi sana'a ce mai kyau. Duk da haka, binciken ya nuna kitsen jinin nan da ke toshe jijiyoyin zuciya ya hau sosai a jikinsu. Shi kansa Paul Saladino, wanda ya yi suna da wannan da'awa, daga baya ya dawo yana cin 'ya'yan itace da zuma, ya ce ya sha fama da rashin barci da bugun zuciya da ɗaurewar tsoka. Limamin ya sallame, mamu na nan suna ta ruku'u.

Kuma tun 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko busarwa yana jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton yana jawowa. Ba a ce kada a ci ba. An ce yawan ne matsala.

Wai ma don me za mu je Amurka neman hujja? Mu ma muna da namu gwajin kowace shekara. Babbar Sallah, kwana uku ana soye ana gashi, babu mai kallon tuwo. A rana ta huɗu je ka tsaya ƙofar kyamis ka ga abin da ake saye. Wa ya taɓa tashi daga naman layya ya ce ƙwaƙwalwarsa ta buɗe? Ga kuma abin dariya: tsiren da suke ci suna cewa babu sitaci, da ƙuli-ƙuli ake turbuɗe shi, kilishi kuma a labun gyaɗa ake tsoma shi. Ashe ko mahauci bai yarda da nama zalla ba.

Sai su ce ai dubi Fulani, ga ƙarfi ga rashin tumbi. Haba jama'a! Muna zaune da Fulani, muna ganinsu kullum. Yaushe Bafulatani ya yanka saniyarsa don marmari? Nono da fura yake sha, furar kuwa gero ce, ya ci tuwo da dare, sannan ya yini yana tafiya a ƙafa bayan shanu. Ku ɗauki sandar ku bi shi mana, ku ga ko tumbin zai kwana. Haka 'yan dakon da ke loda wa mahaifina buhuna a mota tun safe har la'asar, koko da ƙosai ne a cikinsu, sai ɗumamen tuwo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawuna yana da ciwon siga, yana shan magani shekara da shekaru. Wani yaro ya nuna masa bidiyo, ya ce nama zalla zai raba shi da ciwon. Dattijo ya bar tuwo ya bar kunu, amma ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa yadda ya saba. Ranar kasuwa yana cikin awo sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa, ya zube a kan buhu. Sigar jininsa ce ta faɗi ƙasa warwas. Allah ya sa akwai wanda ya gane, aka ɗura masa abu mai zaƙi aka garzaya da shi asibiti. Likita ya ce rage sitaci na iya taimakon mai ciwon siga, amma dole a rage magani daidai da shi, kuma aikin likita ne. Yaron da ya ba da fatawar ko dubiya bai zo ba.

Batun ɓacin rai kuwa, kada mu yaudari kanmu. Mun san abin da ke hana mu barci. Wanda ya ga abin da ya faru a garin nan a watan Oktoba na 2018, lokacin da aka rasa rayuka 55 a rikici guda, wanda ya taɓa jiran waya saboda ɗan uwansa ya bi hanyar Kaciya da yamma, wanda ya gama makaranta babu aiki, ba balangu ne maganinsa ba. Idan damuwa ta yi wa mutum yawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Sannan a duba lissafi. Kuɗin naman da zai ƙosar da ƙato ɗaya a yini zai sayi masarar da za ta ciyar da gida guda. Na san magidancin da ke tsayawa wajen mai nama ya cika cikinsa da sunan neman lafiya, ya shiga gida ya tarar da yara na cin tuwo da miyar kuka lami. Wace irin lafiya ce wannan?

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai. Hatsi ne ya kawo kakanninmu garin nan, kuma shi ke riƙe da mu. Manomi Adara ya kawo masara da dawa, mu auna mu biya, mu kai gaba. Ko lokacin da zukata suka ɓaci, a bakin mudu aka ci gaba da gaisawa. Yaron da ya tashi yana kiran wannan abinci guba, yana raina guminsu da na ubansa ne ba tare da ya sani ba.

Shawarata mai sauƙi ce. Ku rage siga da lemon kwalba da cin dare, wannan kun yi gaskiya. Ku ci tuwo daidai ciki, ku yawaita zogale da rama da wake, ga acca a kusa da mu. Ku ci nama idan Allah ya hore, tare da iyali. Mai ciwo kuma ya nemi likita, ba mai waya ba. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ya same ni a rumfar Baba, zan saya masa fura mu tattauna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.