Kwamfuta da Ɗalibi: Gina Shafin da Makaho Zai Iya Karantawa

Makon jiya mun tsaya a kan yadda ake buɗe shafin intanet kyauta a WordPress, ko da ta wayar hannu ce. Yau kuma za mu shiga ginin shafin, amma da sharaɗi guda: duk abin da muka gina, ya kasance ɗan'uwanmu makaho ko kurma, ko kakanmu da idonsa ya yi rauni, zai iya amfani da shi ba tare da ya nemi wani ya karanta masa ba.

Wataƙila wani ya ce, ina makaho ina intanet? To, makafi suna hawa intanet kullum. A yawancin wayoyin Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, aikinsu karanta wa mutum abin da ke fuskar waya da murya. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka soma haɗawa a 2006, kuma kyauta ake sauke ta. Da irin waɗannan manhajoji makaho yake karanta labarai, ya tura saƙo, ya duba sakamakon jarrabawa. Hukumar JAMB ma tana da tsari na musamman na zana jarrabawa ga makafi. Ke nan a cikin masu neman gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman akwai waɗanda da kunne suke karanta sanarwa.

Matsalar ita ce manhajar ba ta karanta abin da ba a rubuta ba. Galibi abin da mai gini ya ajiye mata take furtawa. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM tana bincika shafuka miliyan ɗaya da aka fi ziyarta a duniya duk shekara, kuma a 2024 ta samu kurakuran da ke hana masu lalura amfani da shafi a fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan. Manyan kamfanoni ke nan masu ma'aikata da kuɗi. Abin mamaki, yawancin kurakuran ƙanana ne, waɗanda ɗan aji huɗu zai gyara cikin minti goma.

Tun watan Disamba na 2018 WordPress ya koma amfani da wani tsarin rubutu da ake kira Gutenberg. A tsarin, komai tubali ne. Sakin layi tubali, hoto tubali, kanu tubali, bidiyo tubali, kai kuma kana ɗora wani kan wani kamar magini. Idan ka danna alamar ƙari, ko ka rubuta alamar / a sabon layi, jerin tubalan zai fito ka zaɓa. Amfanin wannan ga aikinmu na yau shi ne kowane tubali yana faɗa wa manhajar makaho ko shi mene ne. Sai dai ka ɗauki tubalin da ya dace.

Bari mu ɗauka ƙungiyar 'yan jarida ta wata makaranta a Ƙofar Sauri tana son yin shafi a kan ƙofofin birnin Katsina. Sunan shafin, wato Ƙofofin Katsina, shi ne babban kanu, wanda ake kira H1, kuma ɗaya ya isa. Daga nan kowace ƙofa ta samu kanunta a matakin H2: Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga. Idan a ƙarƙashin Ƙofar Sauri za a raba bayani gida biyu, misali tarihinta da unguwannin da ke kewaye da ita, sai a sauko H3. Abin da ɗalibai suka fi yi shi ne su ɗauki tubalin sakin layi, su ƙara wa rubutun girma da kauri, su ce sun yi kanu. A ido ya yi kama da kanu, amma a kunnen makaho rubutu ne kamar sauran. Shi kuwa da kanu yake tsallake: ya umarci manhajarsa ta jero masa kanun shafin, ya ji Ƙofar Guga, ya faɗa can kai tsaye. In babu kanu na gaskiya, dole ya saurari shafin tun daga bismillah har ƙarshe kafin ya iso inda yake so. Kada kuma a yi tsalle daga H2 zuwa H4 don kawai girman rubutun ya burge. Gutenberg yana da wurin da yake nuna jerin kanun shafi a gefen hagu, kuma yana yin alama idan an tsallake mataki.

Sai hoto, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Idan ka sa tubalin hoto ka danna shi, a gefen dama za ka ga wani akwati da aka rubuta wa "Alternative text". Mu za mu kira shi bayanin hoto. Mai ido ba ya ganin abin da ka rubuta a ciki, amma shi manhajar take karanta wa makaho a madadin hoton. In ka bar shi fayau, ko dai ta tsallake hoton kamar babu shi, ko ta kama jero masa sunan fayil, haruffa da lambobi barkatai irin waɗanda waya ke raɗa wa hotuna.

Rubuta bayanin hoto fasaha ce, kuma mu a ganinmu darasin Hausa ne fiye da na kwamfuta. Idan ka rubuta "hoto", ba ka ce komai ba, manhajar ta riga ta gaya masa hoto ne. Idan ka rubuta "ƙofa", ka ɗan motsa. Amma "Ƙofar Sauri da hantsi, Keke Napep biyu suna wucewa, mai rake yana zaune a gefe" ya sa mutum ya gani da kunnensa. Ka yi tunanin kana waya da yayarka da ke aure a Maraɗi, ta ce me ke cikin hoton, abin da za ka faɗa mata a jimla ɗaya shi za ka rubuta. Kuma bayanin yana bin dalilin sa hoton. Hoton hasumiyar Gobarau a shafin tarihi, sai a ambaci ginin ƙasa da tsayinta. Wannan hoton a shafin ziyarar 'yan aji biyar, sai a ce 'yan aji biyar ne tsaye a gindinta tare da malaminsu. Hoton ado kawai, irin zanen fure da ake raba rubutu da shi, shi ne kaɗai ake bari babu bayani, don kada a cika wa mai sauraro kunne.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garin nan, kuma ita ta fi ba mu haushi. Za a shirya musabaƙa ko walimar yaye ɗalibai, sai a zana takardar sanarwa mai kyau, rana da lokaci da wuri duk a cikin hoto, a ɗora a shafi, shi ke nan. Wani lokaci ma jadawalin jarrabawa ne aka ɗauka da waya daga allon sanarwa, a karkace, inuwar mai ɗauka ta rufe rabi. Ga makaho, wannan sanarwa kusan ba ta wanzu ba. Ga mai ido ma da sauƙi? Idan data ta kusa ƙarewa ko sabis ya yi rauni, hoto ba ya buɗewa, rubutu kuwa yana buɗewa. Ba mu ce a daina sa takardar ba. A sa ta, sannan a ƙarƙashinta a maimaita duk abin da ta ƙunsa a tubalin sakin layi. Jadawali kuma akwai tubalin tebur, a kunna masa layin kanu na sama don manhajar ta san wane ginshiƙi ne rana, wane ne darasi.

Haka nan rubutun ƙwalisa da ake kwafowa daga wasu manhajoji, masu lanƙwasa da ƙawa, waɗanda samari ke rubuta sunansu da su a Facebook. Yawancinsu alamomin lissafi ne da suka yi kama da haruffa, don haka manhaja takan furta su ɗaya bayan ɗaya da dogayen sunaye, ko ta yi shiru. A bar su. Amma ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne na gaskiya, a rubuta su yadda suke. Gboard yana da allon rubutun Hausa, a saitin harsuna ake ƙara shi.

Batun launi gajere ne. Ƙa'idojin duniya na wannan fanni, waɗanda ake kira WCAG, fitowarsu ta 2.2 ta zo a Oktoban 2023, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Ba sai ka yi lissafi ba. Idan ka zaɓi ruwan ɗorawa a kan fari, Gutenberg zai fito da gargaɗi cewa haɗin zai yi wuyar karantawa. Ka saurare shi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin duba saƙo a tsakar ranar Katsina a watan Afrilu ya san abin da muke nufi. Kada kuma a dogara da launi kaɗai, a ce sunayen da ke da ja su ne ba su biya kuɗin jarrabawa ba, domin akwai masu idon da ba ya rarrabe ja da kore. A rubuta "bai biya ba" a gaban sunan.

Mahaɗi kuma, wato rubutun da ake dannawa a tafi wani shafi, ya faɗi inda zai kai mutum. Shafi mai "danna nan" guda takwas, idan makaho ya sa aka jero masa mahaɗai, abin da zai ji shi ne danna nan, danna nan, har sau takwas. "Sauke jadawalin NECO" ya fi. Bidiyo kuwa, don kurame, a rubuta abin da aka faɗa a ƙarƙashinsa, ko a ɗora shi a YouTube a rubuta masa fassarar da ke bin magana.

Kada ku ɗauka shi kansa Gutenberg ya zo a wanke. Gab da fitowarsa, shugabar tawagar WordPress mai kula da buƙatun masu lalura, Rian Rietveld, ta ajiye muƙaminta a Oktoban 2018, bayan doguwar taƙaddama a kan cewa sabon tsarin yana wahalar da masu amfani da manhajar murya da masu aiki da allon rubutu kaɗai. Wata ƙungiyar ma'aikatan jami'o'i mai suna WPCampus ta tara kuɗi aka yi bincike mai zaman kansa a 2019, aka fito da tarin kurakurai, aka shiga gyara. Mun kawo wannan ne don a cikin masu karanta mu akwai makafin da su ma gina shafin suke son yi da hannunsu, ba karantawa kawai ba, kuma ƙorafin irinsu ne ya sa aka gyara.

A nan gida, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati da na jama'a shekara 5 su samar da hanyar shiga ga masu keke da sauransu, kuma wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku duba matakalar ajinku da ta ofishin shugaban makaranta ku ba kanku amsa. Gyaran matakala yana buƙatar siminti da izini daga sama. Bayanin hoto a shafin ƙungiyarku kuwa ba ya cin ko sisi.

Ga aikin gida. Ku gina shafi ɗaya a kan ƙofar da ta fi kusa da gidanku, da kanu uku, hoto biyu da mahaɗi ɗaya. Waɗanda ba a Katsina suke ba su ɗauki kasuwa ko masallacin Juma'ar garinsu. In kun gama, ku shiga saitin waya ku kunna TalkBack, amma ku fara lura da inda ake kashe ta, don da zarar ta kama aiki taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, sai an danna sau biyu. Ku rufe ido, ku riƙa shafa yatsa zuwa dama, ku saurari shafin daga sama har ƙasa. Muryar za ta iya karanta Hausar da lafazin Bature, kada dariya ta hana ku aiki, ku dai lura da inda ta yi shiru da inda ta faɗi abin da ba shi da ma'ana. Mai kwamfuta ya ajiye linzami gefe, ya yi ta danna Tab ya ga ko zai isa kowane mahaɗi. Idan akwai makaho a unguwarku mai amfani da waya, ku roƙe shi ya gwada, shi zai gano abin da ya kuɓuce muku.

Ku aiko mana da bayanin hoton da kuka rubuta, tare da sunan makaranta da aji, za mu buga guda biyar da suka fi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rage nauyin hoto kafin a ɗora shi, don shafi ya buɗe da wuri ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne.