Fita da Fito: Hausa Ce Gajeriyar Hanya Zuwa Kalmomin Wuri na Ingilishi

A Maijirgi, garin da ke gabas da Tasawa a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, yaron da bai isa shiga makaranta ba ya san bambancin "fita" da "fito". Idan uwa tana cikin ɗaki ta gaji da ɓarnarsa, cewa take yi "fita". Idan tana tsakar gida tana kiransa, sai ta ce "fito". Wasali ɗaya ne ya sauya, amma ya faɗi inda mai magana yake da inda ake so a nufa. Yaron nan zai girma ya shiga kwaleji, inda ake fara Ingilishi a Nijar, a gaya masa cewa go out da come out duka sortir ne da Faransanci. Abin da ya sani tun yana goye ya ɓace a hanya.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ingilishi ya wuce darasin da ake haddacewa don jarrabawar BEPC kawai. Saboda haka ya dace a sake duban yadda ake koyar da ƙananan kalmominsa masu nuna wuri da alkibla, irin su in, on, at, to, from, out, up da down, domin a kansu ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Hausa tana da abin da za ta bayar a nan. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai, kuma na shida, mai ƙarewa da "o", shi ke nuna aiki ya nufo mai magana. Shiga da shigo su ne go in da come in. Hau da hawo, go up da come up. Sauka da sauko, go down da come down. Faransanci ya dunƙule kowane biyu cikin kalma ɗaya: entrer, monter, descendre. Haka kuma à ta Faransanci tana ɗaukar zama da tafiya gaba ɗaya, ko mutum yana Tasawa ko can ya nufa. Hausa kuwa ta raba "a", "zuwa" da "daga", kusan yadda Ingilishi ya raba at, to da from. Ɗalibin da ya rubuta he entered in the room ya kwaso kuskuren ne daga entrer dans. Da ya bi ta "ya shiga ɗaki", da ya faɗa daidai.

Wannan ba ya nufin harsunan biyu sun dace a ko'ina. Leonard Talmy ya nuna a 1985 cewa Ingilishi yakan ɗora alkibla a kan ƙaramar kalmar da ke bin aikatau, wasu harsuna kuma su saka ta cikin aikatau kansa. Hausa ta fi karkata ga na biyun. Shi ya sa Bahaushe ke cewa "ya tafi kasuwa" ba tare da komai a tsakani ba, ɗalibi kuma ya yar da to inda Ingilishi ya wajabta ta. Haka "a" guda ɗaya takan zama at a "a kasuwa", in a "a Mayahi", on a "a bango". "Cikin mota" ma yakan zama in idan ƙaramar mota ce, ya koma on idan bas ce. To amma malamin da ya san tushen waɗannan kurakurai zai tare su tun kafin su auku, maimakon ya yi ta jan jar tawada a kan abu ɗaya shekara huɗu.

Akwai ma inda Hausa ta fi yalwa. Ciki, kai, baya, gaba da baki sassan jiki ne, su ne kuma suka ba da "cikin", "kan", "bayan", "gaban" da "bakin". Yaron da aka nuna wa haka zai gane in front of da at the back of nan take. "Nan" da "can" kuwa, kamar yadda nahawun Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001 suka bayyana, karin sauti ya mayar da su huɗu: kusa da mai magana, kusa da mai sauraro, nesa ana hangowa, da nesa ƙwarai. Ingilishi na yau yana da here da there kawai.

Masu adawa suna da hujja biyu. Ta farko, a koyar da Ingilishi da Ingilishi zalla. Sai dai yaro ba ya ajiye harshensa a ƙofar aji. Fassarar tana gudana a kansa ko an so ko an ƙi, gara a yi mata jagora. Ta biyu, ba kowane malami ne Bahaushe ba. Wannan gaskiya ce, kuma maganinta rubutaccen abin aiki ne. Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harshen gida, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram.

Nauyin yana kan ɗaliban kimiyyar harshe. Maimakon kundin kammala karatu ya ƙare a kan kanta ƙura na cinsa, wani ya je Maijirgi da ƙauyukan Mayahi ya naɗi yadda ake kwatancen hanyar gona da rijiya, har da "gusum" da wasu ke faɗa a madadin kudu. Wani ya tattara kurakuran ƴan kwaleji ya rarrabe na Hausa da na Faransanci. Daga nan a fitar da ɗan littafi mai jera harsunan uku gefe da gefe, wanda malamin karkara zai iya sakawa a aljihu ya shiga aji da shi.