Ba Likita Ne Kaɗai Ke Aiki A Asibiti Ba

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ƙorafi ne.

Ku duba littattafanmu na soyayya: jarumi in ba Dokta ba ne, to Barista ne. Ni dai ban taɓa cin karo da jarumar da ke aiki a ɗakin hoto na asibiti ba. Iyayenmu ma haka suke. Yarinya ta samu gurbin karatun rediyogirafi sai a dinga yi mata jaje, wata ma a ce ta zauna ta sake JAMB, wai sai likitanci. Haba jama'a!

Tun da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken X-ray a 1895, likita ya daina laluben karaya a cikin duhu. Amma ba likita ke ɗaukar hoton ba. Mai rediyogirafi ne zai kwantar da kai yadda ya dace, ya auna ƙarfin hasken daidai da jikinka, ya sarrafa na'urar CT ko MRI. In hoto ya ɓaci, me likita zai karanta?

Kuma ba karatun wasa ba ne. Shekara 5 ne a jami'a, akwai shi a Bayero da Ɗanfodiyo da Maiduguri, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki, da rajista da hukumar RRBN da aka kafa a 1987.

Na san abin da ake raɗawa: wai hasken yana hana haihuwa. Haske mai yawa yana da illa, ba musu, shi ya sa ma'aikaci ke tsayawa bayan kariya, ga rigar darma, ga ɗan ma'aunin da yake maƙalawa a jiki yana lissafa abin da ya same shi. MRI kuwa da maganaɗisu take aiki, sikanin ciki kuma da sauti.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matanmu. Mace ta ji ƙullutu a mama, an tura ta hoto, ta leƙa ta ga namiji ne, sai ta ja mayafinta ta koma gida. Ranar da za ta dawo, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Sai mu hau zagin asibiti, alhali 'yar da za ta ɗauki wannan hoton tana tsakar gidanmu, tana jiran JAMB karo na uku.