Gatari Ya Fi Iska Ɓarna

 

Kowa ya san yadda hadarin farkon damina ya kan zo mana a Kano. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura har mutumin Gwammaja ba ya ganin Dutsen Dala, sa'an nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin lisha an ɗauke. Da gari ya waye sai maigida ya leƙa lambun bayan gida, ya tarar gwanda ta karye, ayaba ta kwanta, mangwaron da ya yi shekara 4 yana reno ya kishingiɗa, fangalin alayyafo kuwa ya zama tafki. To, a ganina, ba a daren nan a kan yi babbar hasara ba. Da safe a kan yi ta, sa'ad da mai lambu ya ɗauko gatari cikin ɓacin rai.

Da idona na gani. Wani maƙwabcinmu iska ta kwantar masa da mangwaro mai aure, wanda kaurinsa bai fi na kan tabarya ba, rabin saiwarsa kuwa tana nan daram cikin ƙasa. Kafin hantsi masu faskare sun iso, gama su ma sun ji iskar, sun kuwa san inda kasuwarsu ta ke. Ya sayar musu a kan kuɗin da bai isa cefanen kwana 3 ba. Da ya nemi mutum 2 da igiya da turke 3, da bana yana shan 'ya'yansa. Yanzu ko ya dasa wani mai aure sai ya jira shekara 3 ko 4, in kuwa ƙwallo ya binne, shekara 5 ko fiye.

Ban ce kada a sare kome ba. Ran mutum ya fi itace. Babban itacen da ya jingina da ɗaki ko katangar ƙasa wadda ta sha ruwa, da wanda gindinsa ya tsage biyu, da tsohon da manyan saiwoyinsa suka tsinke, waɗannan a sauke su a hankali. Wanda ya faɗa kan wayar lantarki kuwa kada kowa ya taɓa shi, a kori yara, a kira ma'aikatan wuta. Sauran duka su dakata.

Amma tun kafin a waiwayi itace, ruwa za a fara kora. Saiwa tana numfashi kamar yadda mu ke yi, in ruwa ya kwanta a kanta sai ta shaƙe. Gwanda ta fi kowa raki, kwana 1 ko 2 cikin ruwa ya isa ya kashe ta, tumatir da barkono ma ba su da nisa da ita. Mangwaro da gwaiba su kan jure kwanaki. Saboda haka a ɗauki fartanya a yanka wa ruwa hanya ya fita, a buɗe kwatar da ta toshe. A nan ne mu ke da laifi mu mutanen birni. Kakanninmu sun haƙa ƙasar gini sun bar kududdufai, su ne ma'ajin ruwan sama. Mu kuwa mun cike da yawa daga cikinsu da shara mun yi gini a kai, sa'an nan muna mamakin ruwa ya shigo mana tsakar gida. Dattawa ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da ruwa ya rushe gidaje masu yawa a birni, madatsar Bagauda kuma ta ɓalle.

In ruwan da ya kwanta a fangali na sama ne kaɗai, ba kome. Amma in ya biyo ta kwata ko ya haɗu da na masai, to, ganyen da ya taɓa, alayyafo ne ko salak ko yakuwa, a tuge shi a binne. Na san da ciwo, amma ta nan amai da gudawa su kan shiga gida, kuɗin magani kuwa ya fi kuɗin ganye. Haka rijiyar da ruwan ya zuba ciki, kada a sha sai an tafasa.

Yanzu ga zancen ta da itace, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, haka kuwa abin ya ke. Wanda kaurin gindinsa bai wuce inci 4 ba, shi ya fi karɓar gyara, a kuma yi aikin cikin kwana 2 ko 3, tun ƙasa tana da taushi. Da fari a rufe saiwar da ta fito waje da jiƙaƙƙen buhu ko ciyawa, gama rana ɗaya ta Kano ta isa ta busar da ita. Sa'an nan a rage rassa, kamar sulusinsu ko kusa da rabi, domin saiwar da ta ragu ba za ta iya shayar da ganye duka ba, nauyin kuma ya ragu. A haƙe ƙasar da ta zuba cikin ramin, don gindi ya koma ya zauna daidai inda ya ke da, ba sama ba, ba ƙasa ba. A ɗaga shi sannu sannu, kada a fizga, a tokare da gwafa, a mai da ƙasa a danna, a ba shi ruwa don ƙasa ta kama saiwa. A kafa turke 3 kewaye da shi a ɗaure, amma a sa tsumma ko tsohuwar robar keke tsakanin igiya da ɓawo, in ba haka ba igiyar za ta ci jikinsa. Turakun su zauna har damina ta zagayo, ana duba ɗaurin ana sassautawa.

Abu biyu mutane su kan yi da kyakkyawar niyya su cuci itace. Na fari, su zuba masa takin zamani nan da nan wai ya yi ƙarfi. Wannan kamar a ba mai jinya tuwon dawa ne da yaji, saiwa mai rauni ƙonewa ta ke yi. A bari sai sabon toho ya fito, sa'an nan a ba shi ruɓaɓɓen takin gida kaɗan kaɗan. Na biyu, su sassare karyayyen reshe da adda su bar shi da tsage tsage, ruwa ya kwanta ciki ya ruɓe. A yi da zarto, yanka guda mai kyau, dab da inda reshen ya haɗu da uwarsa, amma kada a shafe ɗan kumburin nan na gindin reshe, gama daga nan ciwon ya ke rufewa. Jikin da ya saba zama cikin inuwa kuma yanzu ya fito rana, a shafa masa farar ƙasa, don kada ɓawo ya ƙone ya ɓare.

Kada wani ya ce wannan zancen malamin takarda ne. Hadarin da ya kan wuce ta kanmu yamma ya ke nufa, masana kuwa sun tabbatar mafi yawan manyan guguwar Tekun Atlantika daga irin hadarin ƙasashenmu su ke somawa. Wani ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ran 14 ga Agusta 1992, ya yi ta girma a kan teku, ran 24 ga wata ya faɗa wa kudancin Fulorida ta ƙasar Amurka da gudun mil 165 a sa'a. Shi ne a ke kira Andrew. Wurin ƙasar mangwaro ce da lemun tsami. Manomansu suka ta da itatuwan da suka kwanta, suka rage rassa, suka shafa fari, da yawa kuwa suka rayu. Iskarmu ba ta kai wannan ba, ba ta kuma ɗauko gishirin teku ta watsa wa shuka. In nasu ya tashi, mene ne zai hana namu?

Waɗansu shuke-shuken ma ba su neman wannan wahala duka. Zogale ko ya karye gida biyu a daidaita kansa a bar shi, zai tofo, rassan da suka faɗi kuma a kafa su su zama shinge. Ayabar da ta kwanta a sare uwar, in nononta ya ƙosa a rataye shi a ɗaki ya nuna, 'ya'yan da ke gindinta su za su gaje ta. Gwandar da ta karye daga sama a yanke ta daidai a kife mata gwangwani ko ƙoƙo, gama cikinta rami ne, in ruwa ya shiga ta ruɓe, sau da yawa ta kan fid da rassa daga gefe. Fangali kuwa kada a tattake shi da danshi. In ya sha iska a kafce shi sama sama, a shuka abin da ba ya daɗewa: alayyafo mako 4 an fara yanka, kuɓewa kamar wata 2.

Ga roƙona ga dagatai da masu unguwanni, gama maganarku ta fi tamu shiga kunne. Washegarin iska ku sa a yi gayya, samari su yashe kwata, su kama wa gwauraye da tsofaffi ta da itatuwansu. Ku kuma gargaɗi jama'a, duk itacen da ba ya barazana ga rai ko gini, a ba shi kwana 40 kafin a yi cinikinsa da mai faskare. Mai shakka ya kankare ɓawon da farce, in ya ga kore a ciki, da sauran rai. Gero ba ya tsayawa a ba shi kwana 40, amma itace ba gero ba ne.

Saura abu guda wanda manoman Fulorida suka koya da tsada, watau dogon itace mai cunkushen kai shi iska ta fi kayarwa. Saboda haka da an gama cin mangwaro a rage masa tsawo, kada ya wuce ƙafa 15, a kuma tsefe cikinsa yadda iska za ta sami hanyar wucewa. Darbejiyar da ke jikin katanga ita ma a sassabe ta da bazara, tun gabas ba ta fara haɗa gira ba.