Abin Da Sandar Filifin Za Ta Koya Wa Samarin Oshodi Da Agege

Duk wanda ya san Ikko ya san Oshodi. Nan ne mahaɗar hanyoyi, inda motocin haya da jirgin ƙasa da dubban masu tafiya a ƙasa ke haɗuwa tun kafin asuba har dare ya raba. A cikin wannan cinkoso akwai samarin Arewa masu ɗimbin yawa, waɗansu 'yan dako ne, waɗansu masu tura baro, waɗansu masu gyaran takalmi ko sayar da shayi, waɗansu kuma masu gadin kantuna. Da yawansu idan sun tashi aiki sai su nufi Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro, zangon da ya ƙara bunƙasa bayan da hanyar jirgi ta haɗa Ikko da Kano a 1911.

Gwamnatocin Jihar Ikko sun yi ƙoƙarin gyara Oshodi. An kori masu kasa kaya a kan titi a 2009, an rushe kasuwar Owonifari a 2016, aka kuma buɗe sabuwar tashar motoci a 2019. Duk da haka, wanda yake komawa gida da dare da ɗan abin da ya samu a aljihu bai daina waiwaye ba. Tsoron 'yan fizge da 'yan iskan gari shi ya sa waɗansu samari suke soke wuƙa a ƙugu, suna ganin sun yi maganin abin. Alhali kuwa wuƙar da ke hannun wanda ba a koya masa riƙe zuciyarsa ba, ita ce takan kai shi kurkuku ko kushewa. Abin da waɗannan samari suka rasa ba jarunta ba ce. Malami suka rasa. A kan wannan batu kuwa akwai wata ƙasa mai nisa da ta cancanci a dubi yadda ta yi.

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Mutanenta suna da wata fasahar faɗa ta gado wadda ake kira da sunaye uku, watau arnis, ko eskrima, ko kali. Sunaye biyun farko daga harshen Turawan Sifen suka samo asali, domin su ne suka mallaki ƙasar fiye da shekara 300, har zuwa 1898. Mutanen ƙasar suna alfahari da wani sarkinsu mai suna Lapulapu, wanda mayaƙansa suka kashe shahararren matuƙin jirgin ruwan nan Magellan a tsibirin Mactan ran 27 ga Afrilu, 1521. A kudancin ƙasar kuma, inda Musulmi suke da yawa, har yanzu ana tunawa da takubban kakanni irin su kris da kampilan.

Abin da ya bambanta arnis da sauran wasannin faɗa na Asiya shi ne, da makami ake fara koya wa ɗalibi, sa'an nan daga baya a koya masa faɗa da hannu. Makamin kuwa sanda ce ta wani irin kara mai ƙwari da sauƙin ɗauka, tsawonta kamar inci 28. Hikimar malaman ita ce, wanda ya saba ganin sanda tana zuwa masa da sauri, hannu ba zai ruɗa shi ba. Kuma motsin da ake yi da sanda shi ne dai ake yi da adda, ko laima, ko hannu tsura.

Ba a barin ɗalibi ya yi ta kai duka barkatai. Makarantu da yawa sun kasa duka zuwa kashi 12, gwargwadon inda ya dosa a jiki. A tsarin da ya fi yaɗuwa, akwai biyu na gefen kai, biyu na damatsa, ɗaya na ciki, biyu na ƙirji, biyu na gwiwoyi, biyu na idanu, da ɗaya na tsakar ka. Kowane duka yana da lambarsa, kowanne kuma yana da makarinsa da irin takun da za a yi a kauce masa. Akwai kuma wani horo da ake kira sinawali, inda mutum biyu, kowa da sanda biyu, za su yi ta saƙa duka da kariya kamar masu saƙar zana, har hannu ya saba ba sai an yi tunani ba.

Amma ba haka abin yake tun asali ba. A da, a ɓoye ake koyar da shi cikin dangi, kuma gwanaye sukan yi karon sanda ba tare da wata kariya ba, har a ji munanan raunuka. Sauyi ya fara ne a birnin Cebu, inda a 1932 waɗansu malamai, cikinsu har da 'yan gidan Saavedra da na Cañete, suka haɗu suka kafa ƙungiyar Doce Pares. Bayan yaƙin duniya na biyu wani gwani mai suna Venancio Bacon ya buɗe tasa makarantar a wannan birni, wadda aka sani da Balintawak.

Wanda ya fi kowa gane inda gizo ke saƙa shi ne Remy Presas, wanda aka haifa a 1936, ya rasu a 2001. Ya lura cewa tsofaffin malamai hannun ɗalibi suke duka a wajen horo, domin a wurinsu faɗa yakan ƙare ne da zarar an raba abokin gaba da makaminsa. Saboda haka yaro yakan zo sau ɗaya ko sau biyu, yatsunsa su kumbura, ya gudu ya koma koyon kareti ko judo na Japan. Sai Presas ya ce a riƙa haɗa sanda da sanda, a bar hannun ɗalibi ya huta. Ya tsara darussa daki-daki, ya rubuta littattafai, ya kai fasahar makarantu. Wannan ɗan gyara shi ya sa mata da yara da dattawa suka sami damar shiga. A Amurka kuma, Dan Inosanto, abokin Bruce Lee kuma ɗalibinsa, ya ƙara fito da ita a idon duniya ta hanyar koyarwa da fina-finai.

Daga nan sai aka shigo da hular kwano mai raga a fuska, da rigar kariya, da sanda mai laushi don gasa. A 1989 aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan wasa a Cebu. A watan Disamba na 2009, Shugaba Gloria Macapagal Arroyo ta sa hannu a doka mai lamba 9850, wadda ta mai da arnis wasan ƙasa, ta kuma umarci a sa shi cikin darussan motsa jiki a makarantu. Shekara 10 bayan haka, a wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya na 2019, 'yan Filifin suka kwashe lambobin zinariya 14 daga cikin 20 da aka sa a wannan fanni. Abin da a da ake yi wa kallon sana'ar 'yan tasha, ya zama abin da malamin makaranta yake ba da maki a kansa.

To, mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan ɗan dakon Oshodi da sandar Cebu? Amsa ita ce, Bahaushe ma yana da tasa fasahar, kuma ya taho da ita har bakin teku. Dambe sana'ar rundawa ce tun asali, masu yawo gari-gari da kaka suna fawa da rana, suna sa zare da yamma. Da yake mahauta suna daga cikin waɗanda suka riƙe Agege, ga kuma babbar mayankar Oko-Oba a nan kusa, ba abin mamaki ba ne da kalangun dambe ya daɗe yana tashi a unguwannin Hausawan Ikko.

Wanda ya dubi dambe da idon basira zai ga ilmi ne cikakke. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba shi ne garkuwa, ana auna tazara da shi, ana tare duka. Akwai tsayuwa, akwai taku, akwai sanin lokacin shiga da na ja da baya. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka. Wannan ƙa'ida ita kaɗai ta isa darasi ga duk mai neman sanin iyakar faɗa.

Har ila yau dambe yana da silsilar malamai. Idan aka ji ana kiran ɗan wasa Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ana faɗin gidan da ya yi tarbiyya ne. Akwai kuma ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, kowanne da manyansa. Sunayen Shago da Ɗandunawa sun wanzu har yau saboda waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace. Sai dai ilmin da ke hannun irin waɗannan mazaje, a ƙirjinsu yake zaune. Ranar da gwani ya kwanta dama, rabin abin da ya sani ya bi shi.

Abin lura kuma, daga Ikko ne aka fara fitar da dambe kasuwar duniya ta sabuwar hanya. A 2017 waɗansu matasa biyu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka fara sa hotunan dambe a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suka kalla. A 2019 kuma Maxwell Kalu ya kafa kamfanin African Warriors, mai shirya gasa da ƙa'idoji a rubuce. Sun cancanci yabo, domin sun ga daraja a inda masu abin suka yi sakaci. Amma gasa daban, makaranta daban. Gasa tana neman zakara ɗaya ne daga cikin ɗari. Makaranta kuwa ɗarin nan duka take nema, har da raggon cikinsu, domin shi ya fi kowa bukatar sanin yadda zai kare kansa.

Nan ne darasin Filifin yake. Abu na farko, a raba horo da kisa. Kamar yadda Presas ya hana dukan hannu, haka ya kamata a sami damben koyo, da safar hannu mai laushi a madadin zare, da abin kare kai da haƙora, yadda yaro zai yi shekara yana koyo ba tare da ya zubar da haƙori ko ɗaya ba. Abu na biyu, a zauna da tsofaffin 'yan dambe, a rubuta sunan kowane duka da makarinsa da Hausa, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Haka kuma za a yi wa kokawa, da sarrafa sanda irin ta makiyaya. Masar ta yi wa nata wasan sandan, watau tahtib, irin wannan hidima har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Jamhuriyar Nijar ma ta ɗaukaka kokawa tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka.

Abu na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne a koyar da doka tare da duka. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare kansa da dukiyarsa, amma da ƙarfi gwargwadon bukata kawai. Wanda ya bi ɓarawon da ya riga ya juya baya ya soke shi, ba kare kai ya yi ba a idon alƙali. Malamin kirki yakan fara da koya wa ɗalibi lura da hanya, da tafiya cikin jama'a, da sassauta murya idan gardama ta taso, da sanin cewa jakar kuɗi ba ta kai rai ba. Malaman arnis da kansu sukan gaya wa ɗalibansu cewa wanda ya shiga faɗan wuƙa, ko ya yi nasara da wuya ya fita ba rauni, don haka in da hanyar gudu a bi ta. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a Ikko. Ba a manta da abin da ya faru a Idi-Araba a 2002 ba, ko a kasuwar Mile 12 a 1999 da 2016, inda rikici ya rikiɗe ya zama na ƙabilanci, aka yi asarar rayuka da dukiya. A irin wannan gari, saurayi ɗaya mai saurin hannu yana iya jawo wa unguwa guda bala'i. Saboda haka makarantar da ake magana a kanta ba rundunar ƙabila ba ce, kuma bai kamata a bari ta zama haka ba. A buɗe ƙofarta ga ɗan Bayarabe da ɗan Ibo, a yi rajistarta a hukumar wasanni ta jiha, 'yan sanda su san da ita. Yaran da suka yi gumi a fage ɗaya, da wuya su ɗauki makami a kan juna.

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba. Fili ake bukata, da malami biyu ko uku masu mutunci, da akwatin magani, da littafin rubuta sunaye. Fadar Sarkin Hausawan Agege, da shugabannin mahauta, da attajiran kasuwar shanu da ta goro, suna da ikon da za su tsayar da wannan cikin wata kaɗan in sun ga dama. Ƙungiyar Wasannin Gargajiya ta Nijeriya, wadda dambe da kokawa da langa suke ƙarƙashinta, tana iya ba da ƙa'idoji, Cibiyar Horar da 'Yan Wasa ta Ƙasa da ke Surulere kuma ta horar da malaman.

Mutanen Filifin sun ɗauki shekara 77 daga kafa ƙungiyarsu ta Cebu zuwa ranar da doka ta karɓi wasansu. Waɗanda suka fara ba gwamnati suka jira ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, samarin da ke kwana a gindin gadar Oshodi kuwa ba za su dawwama ɗanyu ba. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, ya kuma kare bayinsa a duk inda suke neman halaliyarsu, amin.