Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Duk lokacin da aka ce baitulmalin Kamaru ya yi ƙasa, ƙofar talaka ake fara ƙwanƙwasawa. A Fabrairun 2023 aka rage tallafin mai, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730. Shekara na zagayowa ta kai 840. Tun 2022 kuma, ko kuɗin cefane na tura gida ta waya, sai gwamnati ta yanki kasonta.

To, ina tambaya: dokar nan ta Afrilun 2013 fa, wadda ta riƙa yafe wa manyan masu zuba jari haraji shekara da shekaru? An ce don su samar da ayyuka ne. A zo New Bell a ƙirga mana samarin da suka samu, ban da masu acaba da ke sayen man nan da tsada.

Mai tebur a kasuwar Kwango ba shi da lauyan da zai nemo masa kafar zillewa. Ya biya, ko a kwashe kayansa.

Ban ƙi biyan haraji ba. Amma kafin a sake taɓa tallafinmu, a wallafa sunayen waɗanda aka yafe wa, da nawa aka yafe.