Kano Pillars: Ga kasuwa a ƙofar gida, amma ana jiran baitulmali

Ranar Lahadin da ta gabata, bayan sallar La'asar, na tsaya a wata majalisa da ke Gyadi-Gyadi, daura da titin Court Road, na tarar musu ya kaure a kan Kano Pillars. Wani matashi mai sayar da wayoyi a kasuwar Farm Centre ya dage cewa maganar kuɗi ce kawai. "Baba, a zuba wa ƙungiyar nan kuɗi a ga aiki," in ji shi. Dattijon da yake wa magana, wanda ya ce tun zamanin Raccah Rovers yake zuwa kallon wasa, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, kuɗi a hannun wanda bai iya riƙo ba ruwa ne a kwando." Daga nan suka juyo kaina suka ce, "Dakta, raba mana gardama." Ban raba ba a lokacin, domin hankalina ya tafi kan rigar da ke jikin matashin. Rigar Arsenal ce, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa bai taɓa sayen ta Pillars ba. A ganina amsar gardamar tana jikin wannan riga.

Masana tattalin arzikin wasanni sukan duba abu uku idan suna neman dalilin nasarar ƙungiya: yawan albashin da take biya, girman garin da take ciki, da irin mutanen da ke tafiyar da ita. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da namu na gida.

Matashin yana da gaskiyarsa. Simon Kuper da Stefan Szymanski, a littafinsu Soccernomics da ya fito a 2009, sun nuna cewa idan aka bi ƙungiyoyin Ingila na tsawon shekaru, yawan albashi yana bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayinsu a teburi. Dalilin a fili yake. Ɗan wasa yana baje hajarsa a gaban dubban idanu kowane mako, don haka farashinsa ba ya ɓuya, kuma wanda ya fi biya shi ke kwashe gwanaye. Ana yawan kafa hujja da Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 da albashin da bai kai na manyan ba. Amma a tuna cewa ba ta maimaita ba, kuma a 2023 ta faɗa rukuni na biyu. Abin mamaki yakan faru a kaka ɗaya, a shekara goma kuwa aljihu ke magana.

Mu ma mun ga haka da idonmu. Pillars ta lashe gasar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014, sau uku a jere, amma duk fitar da ta yi gasar zakarun Afirka bayan waɗannan kofuna ba ta kai matakin rukuni ba. A gida tana cikin masu ƙarfi, a nahiya kuwa tana karawa da ƙungiyoyin da ke iya riƙe gwaninsu shekara da shekaru. TP Mazembe ta Lubumbashi, wadda attajiri Moise Katumbi ya zuba wa dukiya, ta ɗauki kofin a 2009 da 2010 da 2015. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, mallakar iyalan Patrice Motsepe, ta ɗauka a 2016. Mu kuwa da yaro ya haska sai ya tafi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin shekarar ta ƙare yana ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

Sai dai akwai sharaɗin da lissafin Ingila ya ginu a kai, wanda mu ba mu cika shi ba. A can abin da aka rubuta a kwantiragi shi ake biya, a ranar da aka ce. A nan labarin 'yan wasan ƙungiyoyin jihohi suna bin bashin albashi da alawus ba baƙo ba ne ga duk mai sauraron rediyo. Albashin da ke kan takarda ba ya sayen buhun shinkafa. Magidancin da mai gidan haya ke nemansa, kuma ya san cewa idan ya karye babu mai kula da shi, ba zai sa ƙafarsa inda ya kamata ba. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce daga ina kuɗin yake fitowa, kuma yaushe yake isa hannun mai shi.

Wannan ya kai mu ga batun kasuwa. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, da mutum sama da miliyan 9. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau, ga Sabon Gari. Ga kuma son ƙwallo da ba ya buƙatar shaida: duk wanda ya taɓa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar babban wasa ya san yadda ake cika tun kafin a busa usur. Da girman gari ne ke cin kofi, da Kano da Legas sun raba gasar nan tsakaninsu. To amma rabon da wata ƙungiyar Legas ta lashe gasar tun Julius Berger a 2000. Enyimba ta Aba, garin da bai kai Kano ba, tana da kofin gasar 9, kuma ita ce ta kawo wa Najeriya kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Remo Stars, daga ƙaramin garin Ikenne a Jihar Ogun, ta zama zakara a 2025.

Ke nan kasuwa kamar ruwan ƙasa take, sai an tona. Mu ma ana tona tamu, amma wasu ne ke sha. Ka zaga Tarauni da Gyadi-Gyadi da yammacin Asabar ka ƙirga gidajen kallon ƙwallo. Kowane benci cike, kowa ya biya kafin ya zauna, mai gidan ya biya kamfanin tauraron ɗan adam, kamfanin kuma ya biya masu gasar Ingila da Sifaniya. Kuɗin ɗan adaidaita-sahu da na mai gyaran waya yana tafiya ta wannan hanya har ya shiga albashin ɗan wasan da bai san akwai wata unguwa mai suna Tarauni ba. Ba na zargin matasanmu. Sun sami haja mai kyau a kusa da su, a kan lokaci, sun saya. Laifin na wanda yake da irin wannan haja ne bai kasa ta ba. A ina mai son Pillars zai sayi rigarta ta asali a unguwarsa? Wa ke sayar masa da tikitin kaka guda? Wane rajista ne ke ɗauke da sunansa a matsayin ɗan ƙungiya?

A nan dattijon majalisa ya fi kusa da gaskiya. Shugabanci shi ne gugan da ke jawo ruwan kasuwa ya zama albashi, albashi kuma ya zama maki. Enyimba ma ta gwamnati ce kamar Pillars, amma Felix Anyansi-Agwu ya shugabance ta sama da shekara 20, har zuwa 2023, gwamnoni suna zuwa suna tafiya. Ana iya sukar wannan daɗewa, amma ta ba ƙungiyar abin da kuɗi ba ya saye, wato mutanen da suka san inda aka kwana. Remo Stars kuwa ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, wanda ya gina filin wasa da makarantar horar da yara kafin ya nemi kofi. Shi idan ya yi asara daga aljihunsa take fita, don haka dole ya yi lissafi.

Tarihin Pillars kansa ya ishe mu darasi. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar na farko a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, bayan kunnen doki 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan dab da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 ta ci kofin Aiteo a Kaduna. Shekara uku bayan haka, a 2022, ta faɗa rukuni na biyu. Kano ba ta ragu ba a cikin shekarun nan uku, masoya ba su ƙaura ba. Abin da ya faru shi ne ƙungiyar ta daɗe tana buga wasannin gida a wasu garuruwa bayan an mayar da filinta wurin killace masu cutar korona a 2020, sannan aka zabtare mata maki saboda tarzoma, ciki har da abin da ya biyo bayan wasanta da Katsina United. Makin da 'yan wasa suka samo da gumi ya zube a wajen fili. Tsaron filin wasa da tarbiyyar magoya baya aikin ofis ne, kuma a ofis aka faɗi kafin a faɗi a teburi. Ta dawo a 2023, amma tsarin da ya kai ta can yana nan yadda yake.

Tushen matsalar shi ne ana tafiyar da ƙungiyar kamar sashe na ma'aikata. Kuɗinta yana jiran a sa hannu a kan takarda, shugabanninta naɗin gwamnati ne, kuma duk sauyin gwamnati yana iya zuwa da sabon kwamiti. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya san kujerarsa tana hannun mutum ɗaya, shi zai yi ƙoƙarin gamsarwa, ba mai sayen tikiti ba. Kuma a jihar da asibitoci da makarantu ke jiran gyara, ba adalci ba ne a ce baitulmali ya ci gaba da ɗaukar dukkan nauyin abin da zai iya ciyar da kansa. Naɗa Ahmed Musa babban manaja a 2025 ya faranta wa mutane da yawa, domin ya ga yadda ake yi a Rasha da Ingila. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan tsari bai canja ba, sunansa kawai za a ci.

Shawarata guda huɗu ce. Ta farko, a buɗe rajistar mambobi mai kati da kuɗin wata, kuma a ba mambobin kujeru a kwamitin gudanarwa. Al Ahly, mai kofin zakarun Afirka 12, mambobinta ne ke zaɓen shugabanta, haka ma Real Madrid da Barcelona. Mu yi lissafi mai sauƙi: mutum 100,000 kowa ya ba da Naira 1,000 a wata, an tara Naira biliyan 1.2 a shekara. Ta biyu, a riƙa buga bayanin kuɗin shiga da na fita kowace shekara, bayan masu binciken kuɗi masu zaman kansu sun duba, domin Bakano ba ya zuba kuɗi a asusun da bai ga ƙasansa ba. Ta uku, gwamnati ta sayar da wani kaso na hannun jari ga 'yan kasuwa, ta riƙe filin wasa da wani kaso, kuma a kafa dokar da za ta ba shugabanni wa'adin da ba ya bin kalandar zaɓe. Ta huɗu, a yi wa yaran da ake horarwa rajista da kwantiragi na gaskiya. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi, amma sai mai takarda ke karɓa.

Na san za a ce talaka na fama da abinci, ina ya ga na kati. Amsata ita ce talakan nan yana biya tuni, kowane mako, a gidan kallo. Za a kuma ce idan gwamnati ta saki, ƙungiyar za ta mutu kamar yadda wasu suka mutu. Wannan tsoro yana da tushe, domin Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 yau sai a labari. Shi ya sa ban ce a saki a rana ɗaya ba. A yaye ta sannu a hankali, a cikin shekarun da aka ƙayyade, kowa yana gani.

Da zan bar majalisar, na hangi yara suna buga ƙwallo a wani fili mai ƙura, takalma biyu ne ragarsu. A cikinsu akwai wanda zai iya zama Rabi'u Ali na gobe, idan ya sami ƙungiyar da za ta rubuta sunansa, ta biya shi a kan lokaci, ta kula da ƙafarsa in ta karye. Na ce wa matashin nan na Farm Centre, "Malam, in aka buɗe rajista za ka yanki kati?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Dakta, in za a nuna mini inda kuɗina ya shiga, ni ne na farko a layi."

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.